Wake, Maganin Ƙwari Da Sabon Iri: Wanne Ya Kamata Mu Fi Tsoro?

Da wuya a sami ɗalibi a makarantar nan wanda mako zai zagayo bai ci wake ba. In bai ci shi da shinkafa a ɗakin cin abinci ba, to, ya ci ƙosai da safe, ko alala, ko ɗanwake, ko garau-garau. A gidajenmu ma haka abin yake, don kuwa wake shi ne naman talaka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake abincin gina jiki ne, ga shi kuma harawarsa ita ce ke riƙe da dabbobinmu da rani. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake namu, Jamhuriyar Nijar tana bi mata.

To, a 'yan shekarun nan wata gardama ta taso a kan wani sabon irin wake, da masara, da auduga, waɗanda masana kimiyya suka sauya wa halitta, watau abin nan da ake ji a rediyo ana kira GMO. Wasu sun ce guba ce aka kawo mana daga Turai don a rage mu. Wasu kuwa sun ce shi ne maganin yunwa. Iyayenmu manoma sun rasa na kamawa. Abin da nake so mu duba a wannan maƙala, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, shi ne haɗarin da ke cikin abincinmu gaba ɗaya, tsohon haɗari da sabo, mu auna su duka da mudu ɗaya. Zan bi sawun wake, tun daga gona har zuwa kasuwar duniya, domin shi ne kowa ya sani.

Duniya ta zama kasuwa ɗaya

Cuɗanyar ƙasashe ta hanyar abinci ba yau ta fara ba. Masara da gyaɗa da rogo da tumatir da barkono duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne, jiragen ruwan Turawan Fotugal da makamantansu ne suka fara kawo su gaɓar Afirka tun wajen ƙarni na 16. Yau ga shi babu mai ce wa ƙulikuli baƙo. Shi kuwa wake ɗan gida ne, a nan Afirka aka fara noma shi, daga nan ya tafi Asiya da Amurka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai gyaɗar Arewa ta sami hanyar zuwa Ingila da Faransa, har aka yi ta tara dalar gyaɗa wadda kakanninmu ke ba mu labari.

Abin da ya sake a zamaninmu shi ne sauri da yawa. Burodin da muke ci, yawancin alkamarsa daga ƙasashen waje take zuwa, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022 sai farashin alkama da na takin zamani suka tashi a nan. Riɗi da zoɓo da citta kuwa daga kasuwanninmu irin su Dawanau ake loda su zuwa Sin da Turkiyya da Meziko da sauran wurare.

Amma fa hanyar da alheri ya biyo, ita sharri ke biyowa. Ƙwaron nan da ya cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ya biyo ta Sifen inda aka fara ganinsa a 2006. A farkon 2016 ɗin ne kuma aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa mai cin masara a Yammacin Afirka, ita ma daga Amurka. A 2008 wasu 'yan kasuwa a ƙasar Sin suka zuba wani sinadari mai suna melamin a madara don ta yi kamar mai ƙarfi, jarirai kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka mutu, ƙasashe da yawa kuma suka shiga janye kayan madarar daga kantunansu. Saboda irin wannan ne tun 1963 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka kafa wata hukuma mai suna Kodeks, wadda ke tsara iyakar gubar da za a yarda da ita cikin kowane abinci. A nan gida kuwa an kafa hukumar NAFDAC a 1993.

Yadda Turai ta ƙi wakenmu

Kowace uwa ta san cewa wake ba ya jimre ajiya. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai, in an kai rumbu sai ya ƙyanƙyashe ya yi ta hayayyafa, kafin wata uku ko huɗu buhu ya zama huji da gari. A da iyayenmu kan cuɗa shi da toka ko yashi ko barkono, su riƙa shanyawa a rana. Da maganin ƙwari na zamani ya zo, mai arha mai sauri, sai wasu manoma da 'yan kasuwa suka koma zuba wa wake maganin da aka yi don feshin gona ko kashe sauro da kuɗin cizo, irin su gamalin da fiya-fiya.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A 2008 an kwashi ɗalibai fiye da 100 na wata makarantar 'yan mata a Jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci waken da aka ajiye da irin wannan magani. A shekarar ce NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30. Sa'an nan a watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an yi ta samun sinadarin dikulobos a cikinsa, watau gubar da ke cikin fiya-fiya. Dokarsu ta yarda da miligiram 0.01 ne kaɗai a kilo ɗaya, amma abin da aka samu ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6. Mai lissafi zai ga cewa wani buhun ya ninka iyakar sau 460. A 2016 aka tsawaita hanin, saboda ba a ga gyara ba. Lalle wake ɗaya ke ɓata gari: laifin wasu 'yan tsiraru ya shafi manoman ƙasa baki ɗaya.

Abin tambaya a nan shi ne, waken da Turawa suka auna suka ƙi, wa ya ci 'yan'uwansa da ba su bar ƙasar ba? Amsa ita ce mu. Su suna da ɗakunan awo a bakin tashar jirgin ruwa, mu kuwa a kasuwa ido da hanci kaɗai muke da su. Wannan guba tana hana jijiyoyin jiki hutawa. In ta yi yawa sai mutum ya kama dalala da gumi da amai da zawo, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya gagara, wani lokaci har rai ya yi halinsa.

Gubar da funfuna ke haifarwa

Akwai wata guba kuma wadda ba mutum ke zuba ta ba. In gyaɗa ko masara ba su bushe sosai ba, ko aka shanya su a kan ƙasa mai laima, wata irin funfuna takan kama su ta haifar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. In an ci da yawa lokaci guda takan lalata hanta nan take, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutum 317 suka kamu, 125 suka mutu saboda cin masara mai funfuna. In kuwa kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, takan kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, daga ciki 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Afirka kaɗai mutum 137,000 ne ke mutuwa. Galibin wannan kuwa daga ƙazanta ne da ƙwayoyin cuta masu sa zawo. Mu riƙe waɗannan alƙaluma a kai, sa'an nan mu juya ga sabon iri.

Mene ne sauya halittar iri?

Malaminmu na ilmin halittu ya koya mana cewa jikin kowane mai rai, tsiro ko dabba, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace akwai wani dogon zare mai suna DNA wanda ke ɗauke da umarnin yadda mai ran zai kasance. Kowane yanki na zaren da ke ba da umarni guda, shi ake kira ƙwayar gado. Ita ce ke sa wani wake ya zama fari wani ja, wata dawa ta yi tsawo wata gajarta.

Tun fil azal manomi yana zaɓen zangarniya mafi kyau ya ajiye don iri. Daga baya masana suka koyi haɗa aure tsakanin iri biyu na tsiro ɗaya don a sami mai saurin nuna ko mai jure fari. Wannan shi ne ingantaccen iri da malaman gona suka daɗe suna rabawa, kuma ba shi ake gardama a kai ba. Sabon abu shi ne a ciro ƙwayar gado guda daga wata halitta dabam a dasa ta cikin tsiro a ɗakin bincike. Da irin wannan dabara ake yin allurar insulin ta masu ciwon sukari tun 1982. A gonaki kuwa an fara noman irin waɗannan amfani sosai a 1996, kuma a 2019 an noma su a kan kimanin hekta miliyan 190 cikin ƙasashe 29.

Ya kamata a nan mu kawar da wani ruɗani. Ba kowane ƙaton tumatir ko ƙatuwar kaza ce aka sauya wa halitta ba. Ya zuwa 2024, amfanin gona uku aka ba manoman Nijeriya izinin nomawa don kasuwa: auduga a 2018, wake a 2019, masara mai suna TELA a 2024.

Waken Samaru

Babbar abokiyar gabar wake a gona ita ce wata tsutsa mai suna maruka. Takan shige cikin fure da ɗanyen kwanso ta yi ta ci, inda feshi ba ya isa gare ta sosai, kuma in ta yi yawa takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin. Shi ya sa manomi kan yi feshi sau shida ko takwas a damina ɗaya, sau da yawa ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska na maido masa da maganin a fuska. Masana sun bincika dubban ire-iren wake ko za su sami mai jure wannan tsutsa don su haɗa aure da shi, ba su samu ba.

Akwai wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasa wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Wani masani ɗan Japan ne ya fara gano ta a 1901, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Tana yin wani furotin wanda in tsutsa ta ci sai ya narke a cikinta, ya manne wa bangon hanjinta ya huda shi. Cikin mutum kuwa mai tsami ne, hanjinmu kuma ba shi da wurin da furotin ɗin zai manne, saboda haka sai ya narke kamar sauran abinci.

Ƙwayar gadon da ke yin wannan furotin ita aka dasa wa wake. Aikin na haɗin gwiwa ne: kamfanin Monsanto na Amurka ya ba da ƙwayar gadon ba tare da neman lada ba, masana a Ostareliya suka dasa ta, wata gidauniya mai suna AATF da ke Nairobi ta haɗa kan masu aikin, sa'an nan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ta shigar da ita cikin irin da manomanmu ke so. An fara gwaji a killataccen fili a 2009. Hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan irin wannan aiki, ta ba da izini a watan Janairu na 2019. A ƙarshen shekarar aka yi wa irin rajista da suna SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da shi a Kano a 2021. Gana ma ta fitar da nata irin a 2024.

Masu aikin sun ce feshi biyu ya ishe shi maimakon shida ko takwas. Me ya sa bai zama babu feshi sam ba? Domin furotin ɗin tsutsa kaɗai yake kashewa, ba ruwansa da sauran ƙwari masu tsotson ganye da fure da kwanso. Haka kuma, wannan ya kamata iyayenmu su ji da kyau, ba ya hana ƙwaron rumbu. Watau matsalar da ta sa Turai ta ƙi wakenmu tana nan daram, ko da wane iri aka shuka.

Shin cinsa na cutarwa?

Kafin a saki irin wannan abinci akan gwada abu uku: ko sabon furotin guba ne, ko yana tayar da borin jini ga wasu mutane, da kuma ko amfanin abincin ya ragu. Gwajin kuwa ya taɓa kama kuskure. Wani kamfani a Amurka ya taɓa dasa wa waken suya ƙwayar gado daga wata gyaɗar itace ta Birazil, sai gwajin da aka buga a 1996 ya nuna zai cuci mutanen da jikinsu ba ya karɓar wannan gyaɗa. Nan take aka watsar da aikin, bai taɓa shiga kasuwa ba.

A 2016 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike kimanin 900 na shekara 20. Ta kuma kwatanta yawan cututtuka irin su sankara da ciwon ƙoda a Amurka da Kanada, inda ake cin wannan abinci tun 1996, da na Ingila da Yammacin Turai, inda ba a cika cinsa ba. Ba ta sami bambancin da za a ɗora wa sabon iri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta ce waɗanda ke kasuwar duniya sun tsallake gwaji, amma ta ƙara da cewa kowane sabon iri sai an gwada shi shi kaɗai, kada a yi musu kuɗin goro.

Wataƙila wasunmu sun ga hotunan ɓeraye masu ƙari da ake yaɗawa a WhatsApp. Daga wani bincike suke da aka buga a 2012 na wani masani ɗan Faransa. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013, domin ɓerayen ba su da yawa, kuma irinsu ne da ƙari kan fito musu da kansa in sun tsufa. Wata mujallar ta sake buga shi a 2014, amma manyan gwaje-gwajen da aka yi a Turai daga baya ba su ga abin da ya ce ya gani ba. Game da zancen hana haihuwa kuwa, mu tuna cewa kowace loma da muke ci cike take da ƙwayoyin gado, na dawa, na kuka, na saniya, kuma ciki narkar da su yake yi. Babu wanda ya yi ƙaho don ya ci naman sa.

Inda masu suka ke da gaskiya

Duk da haka, wanda ya ce masu suka jahilai ne bai yi adalci ba. Suna da hujjoji masu nauyi, ko da yake yawancinsu ba a kan cin abincin suke ba.

Na farko, wa ke da iri? Kamfanoni huɗu, watau Bayer wanda ya sayi Monsanto a 2018, da Corteva, da Syngenta, da BASF, su ke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya. Ƙasar da ta dogara ga baƙo don irin shukarta ta ba da wuyanta. A nan sai a bambance. Wake da kansa yake yi wa kansa barbara, saboda haka waken Samaru in an ajiye an sake shukawa zai tsiro da halinsa. Masarar TELA kuwa 'yar haɗin aure ce, kamar sauran masara irinta, in an maimaita shuka 'ya'yanta amfani zai ragu, tilas a sayi sabo. Dabarar nan ta yin iri wanda ba ya tsirowa karo na biyu, an yi mata rajista a Amurka a 1998, amma saboda ƙorafin duniya ba a taɓa sayar da ita ba.

Na biyu, alkawari ba kullum yake cika ba. Burkina Faso ta fara noman auduga mai Bt a 2008, tsutsa ta ragu, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, har kamfanonin audugar ƙasar suka watsar da irin a 2016.

Na uku, ƙwaro ma yana da wayo. A Afirka ta Kudu an ba da rahoto a 2007 cewa tsutsar karan masara ta fara jure masara mai Bt. Maganin haka shi ne a riƙa shuka iri na gargajiya kusa da sabon, don tsutsotsin da ba su da juriya su ci gaba da rayuwa suna cuɗanya da masu juriya. Wannan kuwa yana bukatar malaman gona masu zuwa ƙauye, ga shi sun yi ƙaranci.

Na huɗu, akwai wani rukunin sabon iri da aka yi don ya jure maganin kashe ciyawa mai suna gilifoset, abin da kan sa a ƙara yawan feshinsa. A 2015 hukumar binciken sankara ta duniya ta ce mai yiwuwa ne wannan magani yana kawo sankara, wasu hukumomin na Turai da Amurka suka ce ba haka ba a gwargwadon da ake amfani da shi. Waken Samaru ba ya cikin wannan rukuni, amma ga dalilin da ya sa ake cewa a duba kowane iri shi kaɗai.

Na biyar, tun da Afirka ce mahaifar wake, akwai danginsa na daji a nan, ga kuma ire-irenmu na gado kamar kanannado da ɗan'ila. In kowa ya koma ga iri ɗaya suka ɓace, ranar da wata sabuwar cuta ta zo ba mu da wurin komawa.

Na shida, haƙƙin mai saye ne ya san abin da yake ci. Ƙa'ida ta ce a yi wa irin wannan abinci alama, amma wace alama za a manna wa waken da ake aunawa da mudu, ko ƙosan da ake tsamowa daga mai? Irin waɗannan tambayoyi ne suka sa a 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a binciki yadda ake shigo da wannan iri ƙasar nan.

Abin da ya kamata mu yi

In mun ɗora duka a kan sikeli, ga abin da za mu gani. Maganin ƙwari a rumbu, da funfuna, da ƙazanta, an ga waɗanda suka kwantar, an ƙidaya waɗanda suka kashe. Shi kuwa sabon iri, ba a tabbatar da cewa cinsa ya cuci wani ba, amma yana ɗauke da tambayoyi na mallaka da na sa ido waɗanda dole hukuma ta amsa. Saboda haka tsoro ya fi dacewa da na farko, na biyun kuwa lura da tambaya yake bukata.

Ga iyayenmu manoma, akwai hanyar ajiye wake ba tare da ɗigon magani ba. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masanan Kamaru da Nijar da Nijeriya, aka fara yaɗa shi a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. In an zuba busasshen wake, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin sai su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Jarka ko durom mai murfi da ke rufuwa gam ma yana yin wannan aiki, in dai an cika shi, kuma ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. A shanya gyaɗa da masara a kan tabarma ko tamfol har su bushe ƙayau, a tsince masu funfuna a zubar, kada a ba kaji ko shanun tatsa. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona kafin fure, yana rage gubar funfuna ƙwarai. In za a yi feshi a rufe jiki da hanci, a bi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin girbi, kuma kada a mai da kwalbar magani ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa. Wanda ya so gwada sabon iri ya saya a wurin da aka sani, ya fara da gefen gona, ya kuma ajiye irinsa na gado.

Ga iyayenmu mata masu cefane, a sansana wake kafin a saya. Gara wake mai 'yan ƙwari, a tsince a shanya, da wanda ke warin magani, don wanki ba ya fitar da guba duka. In wani ya kama dalala da amai da gumi bayan cin abinci, a garzaya da shi asibiti tare da sauran abincin, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Mu kuwa ɗalibai, namu aikin shi ne tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Duk labarin da ya zo mana, ko na yabon sabon iri ne ko na kushe shi, mu nemi sanin wanda ya faɗa, da gwajin da ya yi, da abin da zai samu in mun yarda. Sa'an nan mu dage da karatun kimiyya da aikin gona. Ƙasar da ba ta da masu awo nata, sai dai ta jira baƙo ya gaya mata abin da ke cikin tukunyarta, kamar yadda aka yi mana a 2015. Hutu na nan tafe, kuma da yawanmu za mu tarar ana ajiyar amfani a gida. Kowa ya leƙa rumbun gidansu ya ga da me aka ajiye waken da ƙannensa ke ci, in ya ga abin gyara ya faɗa wa iyayensa cikin ladabi. Rigakafi dai ya fi magani.